Tambaya ta Tara

"Mai gidan nan yana raye, ko ya rasu?"

Hanan ta karanta tambayar yadda take a wayar ƙungiyar agaji, ba ta ɗago kai ba. Gida na sha ɗaya ke nan da ta shiga yau a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, tana rubuta waɗanda yaƙi ya koro daga yankin Jazira, domin a raba musu dawa. Tun a wurin horo an gaya musu, matan da mazansu suka rasu ake fara ba. Sauran sai abin da ya rage, in ya rage.

Hadizatu, matar gidan, ta daina fifita gawayin da ta ɗora jabana, 'yar butar gahawa, a kai.

"Sambo ya koma Hasahisa duba gonarmu, mun bar alkama a tsaye. Wata goma sha huɗu ke nan."

"Ba labari, Inna?"

"Wani ya ce ya gan shi a Sinnar. Wani ya ce mai kama da shi ne. Da ma Sambo fuskar kowa gare shi." Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba.

Hanan ta dubi wayar. Gurbi biyu ne kacal, kuma ba ta wucewa gaba sai an taɓa ɗaya.

"Inna, ba su sa wurin wanda ya ɓace ba. In na sa ya rasu, makon nan za ku samu buhu."

"Wa ya yi masa salla? Wa ya ga kabarinsa? Haba ɗiyata! In na faɗa da bakina, gobe sai takaba. Ya turo ƙofa ya iske ni cikin fararen kaya saboda dawa? Sa yana raye."

A gindin katanga 'yan mata uku na zaune, 'ya'yan gidan. Rana ta take, amma tukunyar tuwo na kife, bayanta a bushe ƙayau.

Hanan ta karkatar da wayar zuwa ƙirjinta, ta taɓa "ya rasu".

Shafin ya juya. Tambaya ta goma ta fito: a wane wata ya rasu, kuma me ya kashe shi?

Hadizatu ta tsiyaya gahawa a ɗan finjali, ta tura mata.

"Kin sa? Madalla. To, mi suka tambaya kuma?"