Gwaggon Mushe Iliya

Mushe Iliya, kamar yadda ake kiran malaman boko, malamin lakkwal ne, wato makaranta, a Tawa, mutumin kudu. Shekara uku bayan samun mulkin kai ya je ƙauye ya ɗauko gwaggonsa Asabe, wadda ta goye shi tun yana jariri. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ƙafafunta sun riƙe. Ci da sha da maganinta duk suka dawo wuyansa.

Da lokacin lanho, wato haraji, ya zo, sai ya tarar an ɗora masa harajin kanta kamar na mai ƙarfi. Ya tafi biro, ofishin gwamnati, wajen komi Alƙasum, magatakardan haraji, wanda ɗansa ke ajinsa.

"Mi take gare ka, Mushe?"

"Gwaggota ce. Ita ta rene ni."

"Wajen yafe lanho, doka uwa da uba ta sani, sai 'ya'ya. Ba ta san gwaggo ba."

"To ai tsohuwa ce, ko bakin ƙofa ba ta kaiwa."

"Kawo takardar haihuwarta."

Iliya ya yi dariyar takaici. Wa ya rubuta haihuwa a zamanin da aka haifi Asabe? Alƙasum ya ce to ya kawo dattawan da suka ga haihuwarta su shaida. Duk sun kwanta dama.

Komin ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ka ce uwarka ce. Ni in rubuta, kai ka sa hannu. Wa zai bincika?"

Iliya ya tsaya riƙe da hularsa. Mahaifiyarsa Ladi tana raye a kudu, a gidan wansa. In ya sa hannu, ya shafe ta ke nan da ranta. Ya ce zai yi shawara.

Yana isa gida ya iske ɗan aike daga ƙauyen mijin Asabe. Mai gari ya ce sunanta na nan cikin mutanensa har sai an sake ƙidaya, don haka a aiko da nata lanho. Kai ɗaya, biya biyu, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata.

Asabe ta ji komai daga ɗaki. Ta kira shi.

"Iliya, ka mai da ni. Can sau ɗaya za a biya."

"Wa zai ɗebo miki ruwa can, Gwaggo?"

Ta juya ta fuskanci bango.

Washegari ya koma biro. Alƙasum ya tura masa alƙalami. Iliya ya dube shi, ya dubi takardar, ya ce, "Bar ta a gwaggo."

Ya sayar da kekensa, ya biya nan, ya aika can. Tun daga ranar Asabe ta rage cin tuwo, tana cewa cikinta ba ya so. Shi kuwa kullum in ya taso daga lakkwal a ƙafa, sai ya biya ta biro ya tambayi ranar ƙidaya. Alƙasum yakan ce ba a sa rana ba tukuna.