Muryar Mai Maganin Basir

Da ɗuwawu ɗaya Abdussamadu ya zauna a mota tun daga Birnin Kebbi har Argungu, baki da hanci a rufe da takunkumi. Ba mura yake yi ba. Fuskarsa ba kowa ya sani ba, amma muryarsa babu kasuwar da lasifikar motocinsa ba ta kai ta ba, tana tallar ruwan maganin basir a gora. Shekara tara yana yi wa maganin asibiti ba'a, wai duk namijin da ya yarda aka cusa masa abu ta dubura ya je ya ɗaura zane.

To, ga gogan naka basir ya fito masa. Ya sha gora uku na haɗin nasa, abin sai ƙara kumbura yake yi. Bai yi mamaki ba, shi ya san abin da ke ciki: sassaƙe, kanwa da ruwan rijiya. Sai ya sa wani likita ya rubuta masa maganin cusawar, ya tsallake duk kemis ɗin Birnin Kebbi, ya ƙudurta ko tari ba zai yi ba har ya koma gida.

A kemis ɗin Ajoke, Bayarabiya haifaffiyar Argungu, ya tarar da wani tsohon masunci dafe da kantar shagon, bayan rigarsa da tabon jini.

"Baba Usmanu, wagga gorar maganin da kaka sha ba za ta yi maka komi ba," in ji Ajoke. "Jinin ga ya yi yawa. Ka amshi na cusawa ka samu sauƙi, gobe ka tahi asibiti a duba ka."

"Ɗiyata, rufa mini asiri. Malam Abdussamadu ya ce wanga aikin mata na. Shi ya san basir."

"Wancan maƙaryacin? Mutum nawa munka gani nan da shi ya lalata?"

Abdussamadu ya miƙa takardarsa ba tare da ya ce uffan ba. Ajoke ta ɗauko kwali a firiji.

"Alhaji, guda da sahe, guda in za ka kwanta. Ka wanke hannu, ka kwanta gehe, ka tura a hankali. Kak ka bar shi cikin zahi, narkewa shikai."

Tsohon ya juyo ya kalle shi sama da ƙasa. Usmanu ya yi ramar da idanunsa suka faɗa, leɓunansa fari fat. Abdussamadu ya san wannan kamar, ya sha ganinta a wurin masu sayen gorarsa. Kalma uku ta ishe shi: ya janye takunkumin ya ce, "Baba, tahi asibiti." Da wannan muryar, ko rijiya ya ce tsohon ya faɗa zai faɗa. Amma ya hango motocinsa uku, ya hango labarin yana riga shi isa Birnin Kebbi. Matsoracin banza, sai ya ƙara gyara takunkumin.

"Subhanallahi," in ji Usmanu, yana taɓe baki. "Ƙato da kai, da gemu!" Ya zaro gora daga jakarsa, saura rabi, ya tura masa. "Ungo, yaro. Sha na maza, ka bar wanga abin kunya."

Abdussamadu ya sa hannu biyu ya karɓa, ya rusuna alamar godiya. Tsohon ya fita yana dafa bango, ya nufi tashar motocin garin Gulma.