Gaggafar da Malam Ya Rubuta

Tun ranar da kamfani ya kafa allo a gindin dutse, Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye. Allon ya ce za a kakkafa manyan fankoki goma sha biyu a kan dutsen, iska ta riƙa juya su suna samar da lantarki. Kowace fanka ta fi dogon bene tsawo, kuma ta farko za ta tsaya ne daidai saitin tagar ɗakinsa.

Malam tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana kuma da wata ɗabi'a da unguwa ta daɗe tana yi wa dariya. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum da safe sai ya hau dutsen nan da madubin hangen nesa, ya rubuta tsuntsayen da ya gani a littafi: rana kaza, tsuntsu kaza, guda kaza. In ya nemi wani bai gani ba, ya rubuta "babu". Matarsa takan ce ita mutum ta aura, ashe rabinsa tsuntsu ne.

Mutanen unguwa sun yi iya yinsu. Sun kafa kwamiti, sun naɗa Kafinta shugaba saboda ya fi kowa murya, sun rubuta takardar koke, sun ɗaga kwalaye a rana har wuyansu ya ƙage. Kamfani ko gezau. Ana nan sai Kafinta ya jiyo cewa akwai doka: in gaggafa na sheƙa a wuri, ba a kafa fanka, don fikafikan fankar kan sare ta a sama. Ko goge garin katakon da ke gemunsa bai yi ba ya faɗo gidan Malam.

"Malam, ashe magani na gidanka muna ta yawon duniya! Ina gaggafar nan taka?"

"Shekara shida rabona da ita," in ji Malam.

"Wa ya sani in ba kai ba? Layi ɗaya ne fa. Ranar Talata, gaggafa guda. Ko biro ne babu in aro maka?"

"Ban gan ta ba, Kafinta."

"To, za ka ga fanka. Za ka gan ta har ta ishe ka."

Daga ranar Malam ya koma hawa dutse sau biyu, safe da yamma, da gwiwoyin da ko matakalar gida suna yi wa gardama. Ya ɗaga kai sama har jiri ya ɗebe shi. Ya ga shaho, ya ga shirwa, ya ga hankaki ya fi a ƙirga, shi da ba a gayyace shi ba. Gaggafa kuwa ko gashinta. In ya dawo gida ya zaga falo, ya leƙa taga, ya buɗe littafin, ya rufe, kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

"Don Allah ka zauna, ka sa ni ma ina jin jiri," in ji matarsa. "Ni in za a samu wuta tsayayya, firjina ya huta da zama kabad, ba na ƙi ba. Amma jiya a shago na yi gaisuwa sau biyu, matar Kafinta ta amsa wa bango."

Abin ya yi masa ciwo, ba kaɗan ba. Kuma gaskiyar magana, shi ya fi kowa son dutsen nan. Ya san kowane kogo da kowace bishiya da ke kansa, ya san inda rana ke fara taɓawa. Da ya tuna za a fasa hanya ta tsakiyarsa a zuba kankare, sai ya ji kamar ƙirjinsa za a fasa.

A rana ta tara ya sauko da ƙafa a kumbure, ya zauna a tebur, ya ɗauki biro. Ya rubuta: Talata, gaggafa, guda ɗaya. Rubutun ya fito a karkace, irin wanda a da yake soke wa yara da jan biro. Ya aika wa Kafinta cewa an samu.

Kafinta ya kai rahoto, bayan kwana uku ofishin kula da muhalli ya turo jami'a ta duba. Da ta fito daga mota Malam ya sha jinin jikinsa. Ɗalibarsa ce, 'yar telan da a da yake da shago a ƙarshen layi kafin su tashi. A aji ba ta barin magana ta wuce sai ta bi diddiginta, kuma a hannunsa ta fara riƙe madubin hangen nesa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida matarsa da "Mama", ta zauna a teburin. Ta buɗe littafin tun daga baya, tana bin shafuka da yatsa. Gaggafa, babu. Gaggafa, babu. Shekara shida cur. Da ta iso layin Talata sai yatsan ya tsaya. Malam ya shirya amsoshi tun jiya: ƙarfe nawa, ta wane gefe, mace ko namiji. Ya jira. Ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta ciro takarda daga jaka ta fara cikewa.

"Ba za ki hau ki duba ba?" in ji Malam.

"An ce in yi mako biyu a kai, Malam. Zan rubuta cewa na tabbatar."

"In kamfani ya kawo nasa masu binciken fa?"

"Sai aikina ya tafi," ta ce tana sa hannu. "Amma ai littafinka ne."

Ta yi sallama ta fita. A waje rabin unguwa ya taru, Kafinta a gaba yana washe baki, har ya fara koya wa mutane yadda gaggafa ke shawagi, shi da bai taɓa bambanta ta da ungulu ba. Malam ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma ciki, ya sake fitowa. Ya ji an tada mota. Bai san lokacin da ya tsallaka titi da takalmi wari ɗaya ba, ya ƙwanƙwasa gilashi.

Ta sauke gilashin.

"Ban gan ta ba," ya ce. Maganar ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, irin muryarsa ta aji. "Ƙarya na rubuta. Shekara shida ban ga gaggafa ba. Yaga takardar nan, 'yata."

Wata mata ta ja tsaki. Kafinta ya juya ya yi shagonsa, mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya dubi Malam.

Jami'ar ta kashe motar. Ta daɗe tana kallon dutsen ta gilashin gaba, sannan ta ciro takardar ta raba ta biyu a hankali. Idonta ya kawo ruwa.

"Malam, ni ma a gindin dutsen nan aka haife ni," ta ce. "Da ka bar ni na tafi."