Tambayar da Kawu Ya Haddace

Shekara goma sha biyu Malama tana koyar da Turanci, ta ga ɗalibai iri-iri, amma wanda ya hana ta sukuni shi ne yayan mahaifiyarta, Kawu mai gyaran agogo.

Ɗan Kawu yana aiki a wata ƙasa mai nisa, can ya haifi 'yarsa, yanzu shekararta biyar, ba ta jin komai sai Turanci. Duk Asabar da la'asar ake kiran Kawu a waya mai hoto. Shi ya zuba mata gaisuwa, ita ta zuba masa ido, can sai ta sulale daga cinyar ubanta ta gudu. Makon jiya ma da ƙyar aka lallashe ta ta leƙo.

"Jikata guda, tana guduna kamar ta ga dodo," in ji Kawu. "Ki koya mini yarenta, 'yar nan, tun ba ta daina leƙowa ba."

Malama ta zage damtse. Ta yanka takardu, ta rubuta sunan kowane abu da Turanci ta manna masa: ƙofa, taga, kujera, buta, har madubin da ya tsage. Ɗakin Kawu ya koma kamar kantin magani. Kullum in ta taso daga makaranta ta biyo, ta nuna masa takarda, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla. Kwana huɗu, ko kalma ɗaya ba ta zauna ba.

Ranar Alhamis ta tarar takardar ƙofa ta faɗi, Kawu ya mayar da ita da kansa, ya manna ta tsaf, amma kai a ƙasa. Nan ta gane. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon lambobin agogo bai taɓa koyon karatun boko ba. Kunya ta rufe ta, don ita ce malamar, ita ce kuma ba ta tambaya ba.

"Haba Kawu, me ya hana ka faɗa mini?"

"To ke kin tambaye ni? Na ga kin sha wahalar yankan takardu, na ce kada in kashe miki gwiwa."

Saura kwana biyu. Malama ta zauna a bakin tebur tsakanin matattun agogo, ta yi tagumi. Sai ta tuna abin da take yi wa yaro mai noƙewa a aji: ta miƙa masa alli, ta yi kamar ita ce ba ta sani ba. Ba ta taɓa ganin yaron da ya ƙi zama malami ba.

"Kawu, tambaya ɗaya tak za ka haddace. Sauran aikin nata ne."

Ranar Juma'a wuni ya yi yana maimaita ta, har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Asabar waya ta yi ƙara. Malama ta amsa, ta jingine wayar a gaban Kawu. Yarinyar ta leƙo da ido ɗaya, ƙafarta ɗaya ta riga ta sauka ƙasa. Kawu ya ɗaga cokali, ya jefo tambayar da ya haddace, wato mene ne wannan.

"What is this?"

Yarinyar ta kalli ubanta, ta kalli cokalin, ta faɗi sunansa ƙasa-ƙasa. Kawu ya maimaita, ya kwafsa. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta gyara masa da ƙarfi, har tana kaɗa yatsa. Ya ɗago takalmi, ya ɗago tabarau, ya ɗago hularsa. Da kayan kusa suka ƙare, Malama ce ta koma 'yar aike, tana kwaso duk abin da hannunta ya kai, tana ajiyar zuciya kamar an sauke mata dutse daga ka.

Sai da uban ya ce lokaci ya yi. Yarinyar ta riƙe wayar da hannu biyu, ta yi wata doguwar magana tana ɓata rai.

"Me ta ce?" in ji Kawu.

"Ta ce ba ka iya ba sam. Wai Asabar ta yi nisa, gobe ma ka zo."

Kawu ya goge ido da bakin riga. "Gaya mata zan zo da wuri."