Kunnen Inna da Injin Walda

Tunda aka sa wa mahaifiyata na'urar ƙara ji, gidanmu ya rasa sukuni. Shagon waldar maigidana bango ɗaya ne da ɗakinta. Da zarar ya ɗora sandar walda a kan ƙarfe, sai na'urar ta ɗauki tsuwa a cikin kunnen Inna, ta fizge ta ta jefa kan katifa, ta wuni tana kallon bakinmu kamar baƙuwa.

Wata safiya ta ce mini, "Ke, haɗa mini kayana, gidan yayanki zan koma. Ba zan hana bawan Allah neman abincinsa ba, ni kuma na gaji da zaman kurma."

Gidan Yaya kuwa ba nan kusa ba ne. Raina ya ɓaci, na je na sauke wa Baban yara kwandon masifa, har da laifin da ba nasa ba. Ya sallami masu jiran aiki, ya ɗauki ƙaramin rediyo, ya sa maƙwabcinsa mai walda yana ɗana wuta da injin shagonmu, shi kuma yana zagaya gida yana sauraron inda ƙarar ta fi tsanani. A jikin bututun ruwa rediyon ya haukace.

"Kin ga ɓarnar da na yi?" ya ce da ni. "Wayar da ke mayar da wuta inji, a bututun nan na maƙala ta, yadda muka saba don ragin wahala. Shi kuma ta ƙarƙashin tagar Inna ya bi. Ashe gidan gaba ɗaya na mayar eriya."

Ya cire ta daga bututun. Ya rage tsawon wayoyin injin guda biyu, ya murɗe su tare kamar tufkar igiya, ya kankare tsatsa ya maƙala mai mayar da wutar a jikin ƙarfen da yake aiki a kai. Ya ja injin zuwa can ƙarshen shago, ya lulluɓe bangon Inna da fallen ƙarfe, ya haɗa shi da sandar tagulla da ya kafa a ƙasa mai laima. Ina tsaye ina kallonsa yana gumi har gwiwa, kunyar masifata ta kama ni. Wallahi ban taɓa jin ya burge ni kamar ranar ba.

Washegari tun hantsi yake haɗa wata ƙatuwar ƙofa, tartsatsi na tashi. Ni kuwa ina tsakar gida, ina ta kallon ƙofar ɗakin Inna. Bayan la'asar Inna ta ɗaga labule, na'urar tana kunnenta, ta yafito ni.

Ta rage murya ta ce, "Ke, mijin nan naki lafiya kuwa? Yau ko taɓa aiki bai yi ba. Je ki ce masa kada ya kashe sana'arsa saboda ni."