Jelar Zakara da Labulen Falo

Ni dai ban yi niyyar ɓarna ba, Malamar aji uku ce ta ja. Ita ta ce wa yara kowa ya zo da ƙyallaye, za su manna a kwali da gam su fitar da hoton dabba. Jikata, wadda muke ce wa Aku saboda baki, ta zaɓi zakara. Mun samo ja wajen tela, mun samo ruwan ƙasa, amma ta kafe sai kore mai sheƙi za ta yi jela da shi.

Kore mai sheƙi a gidanmu ɗaya ne, sabon labulen falon surukata, matar ɗana, wanda ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kai. Na jira ta tafi aiki, na ɗauki almakashi na yanko tafin hannu guda daga gefen da kujera ta rufe.

"Kada ki faɗa wa kowa," na ce wa Aku.

"Ko Malama?"

"Ita ce ma kan gaba."

Kwana biyu surukata ta ja kujera za ta yi shara, ta ga ɓula. Na riga ta salati. Na ce ɓera ne, har na kai wa maƙwabciyarmu, matar mai shago, labari cewa ɓeraye sun dame mu.

Ran Alhamis aka gayyaci iyaye kallon aikin yara. Na so in ce ƙafa ta hana ni, amma wa zai ba ni labarin abin da aka yi? Muna shiga na hango zakaranmu a tsakiyar bango, jelarsa tana walƙiya. Na yi maza na tsaya a gabansa, na baza mayafi.

"Mama, ɗan matsa mu gani mana," in ji surukata.

"Jiri nake ji, 'yar nan."

Malama ta kawo mini kujera da kanta, dole na zauna. Ta hau yabo, wai a dubi yadda aka yayyanka koren siri-siri aka jera kamar gashin gaske.

"Wa ya taya ki?" ta tambayi Aku.

"Kaka ce ta yanko, amma ta ce kada in faɗa miki."

Surukata ta daɗe tana duban jelar. Ta shafa ta da yatsa. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, Mama. Ashe kina da ido."

Da yamma ta shiga falo. Ta sauke labulen, ta rataya shi a tagar ɗakina, ta kwashe nawa mai kauri ta kai falo. Wai horo ke nan. Ɓular kuwa ta faɗo daidai inda nake zama, tana kallon ƙofar matar mai shago. Jiya kaɗai mutum huɗu suka shiga, ɗaya bai fito da komai a hannu ba.