Muryar Malam a Akwatin Ƙarfe

Tun da Shari'a ta zo aka rufe gidan kallonsa, Abdulƙadir ya koma wata rumfa kusa da shingen kan iyaka a Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Nijar. Sana'ar da ta rage masa ita ce kwafar wa'azi da karatu yana sayar wa direbobi. Ba ya ƙorafi. Ya dai gaji, irin gajiyar nan da barci ba ya raba mutum da ita.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne kwalin da ke ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, Inna Fatsuma. Kaset-kaset ne na tafsirin mahaifinsa, marigayi Malam Yusha'u, da aka ɗauka a masallacin unguwa. Zafi ya fara cin su. Wani in an sa, sai muryar Malam ta riƙa ja kamar daga cikin rijiya. Wani kuwa rediyo ta tauna zaren ta tofar. Babu inda muryar nan take a duniya sai cikin kwalin. Yana so ya juye su a kwamfuta, ga tasa ta mutu tun farkon bazara, allonta kaɗai ya rage.

Ya yi wa Arzika saƙo, wani direban Maraɗi mai ɗauko kayan gwanjo daga Kwatano, ya samo masa wata kwamfutar. Ranar da Arzika ya iso, abu biyu ya dire masa a kan benci.

"Ɗan Najeriya, taso ka zaɓa. Sauri nike, 'yan duwan, kwastan ɗinmu, na jirana."

Ɗayar laftof ce mai ruwan azurfa. Ɗayan kuwa wani baƙin akwatin ƙarfe ne, bayansa duk haƙarƙari kamar akuyar rani.

Abdulƙadir ya ce, "Wannan fa? Batirin mota ka kawo mini?"

"Batirin gidanku. Kwamfuta ce ita ma, daga jikin injin wani kamfani aka ciro ta. Mai shagon ya ce mani dut bambancin ga ƙwaƙwalwa yake, abin nan da suke ce ma furosesa. Ta wagga," ya dafa laftof ɗin, "gudu gare ta, amma sai tana shan iska, akwai fanka cikinta. Don masu ofis aka yi ta. Ta wagga kau nawa gare ta kamar jaki da kaya. Ba fanka, ba taga, amma ko bisa injin motata ka aza ta ba ta cewa uffan."

Abdulƙadir ya tuna kwalin nan cike maƙil. Kowane kaset sai an juye shi, sannan a bar kwamfuta ta tace ƙarar da ke ciki. Da jakin nan yaushe zai gama? Ga laftof da batirinta, ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Ya jawo ta gabansa.

Arzika ya yi dariya. "Na san ta 'yan gayu za ka ɗauka."

"Ku mutanen Faransa me kuka sani ban da burodi mai tsawo?"

"Jakin dai yana nan bayan kujerata, in ka neme shi."

A gida ya riƙa aikin, a ɗakinsa, da safe kafin ya fita rumfa da kuma bayan la'asar. Wasu kaset ɗin kamar jira suke a juye su. Ana gamawa sai zaren ya tsinke, ba su ƙara moruwa ba. Inna Fatsuma takan tsaya bakin ƙofa tana kallo. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne.

Wata rana ya kunna mata. Muryar Malam ta fito tas, har da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya fassara aya. Ta matso ta leƙa allon.

"Kai, yanzu karatun Malam yana cikin abin nan?"

"Yana ciki, Inna."

"Har da ayoyin?"

"Har da su."

"Shi ne ka ajiye shi a tabarma, inda kowa ke takawa?"

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani, ya ce ba kamar Alƙur'ani na takarda ba ne. Ta dube shi kamar yadda take dubansa yana yaro in ya sha ruwa da hagu. Ta je ta kawo matashin kai. Daga ranar, in tana nan sai ya ɗora laftof ɗin a kai, in ta fita ya sauke. Ya sha cewa zai zauna ya fahimtar da ita zancen fankar, sai dai kullum yakan dawo ba shi da ƙarfin doguwar magana.

Ranar wata Juma'a ya bar laftof ɗin tana tace kaset na kusan ƙarshe, ya rufe murfin rabi, ya tafi masallaci. Inna ta leƙo ta gan ta a ƙasa, ga kaji na shige da fice. Ta yi alwala, ta shimfiɗa buzun Malam, ta aza matashi, ta ɗauko ta da bisimilla ta ɗora. Sannan ta ciro gwadon Malam mai kauri daga adaka ta lulluɓe ta ruf, ta cusa gefen ta kowane ɓangare.

Tun daga zaure Abdulƙadir ya ji warin roba. Ya yaye gwadon, ya danna, ya sake dannawa. Shiru. Ya zauna a ƙasa, ya dubi tarin kaset ɗin da suka tsinke.

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Wani abu na ɓata?"

Ya buɗe baki, ya ga yadda ta riƙe labule tana jiran amsarsa.

"A'a, Inna. Zafi ne."

Arzika bai yi masa tsiya ba da ya ji. Ya karɓi laftof ɗin ya ce akwai wani mai gyara a Maraɗi. Kwanakin da suka biyo baya Abdulƙadir ya yi su a rumfa yana duban kowace mota da ta fito daga arewa. A gida Inna ta daina tsayawa bakin ƙofarsa.

Da Arzika ya dawo, baƙin akwatin nan ya sauko da shi.

"Ƙwaƙwalwar 'yar gayunka ta soye. Amma ya ce rumbun da ke aje magana bai ƙone ba, ya dasa shi cikin jaki. Ko dut maganar na nan, ko babu, shi bai sani ba. Kai za ka gani."

Ya kai shi gida a bayan babur, ya haɗa da tsohon allonsa. Akwatin ya daɗe yana tashi, har Abdulƙadir ya fara cire rai. Ba ƙarar fanka, ba komai, sai 'yar koriyar fitila. Can sai sunayen surorin suka fara bayyana, ɗaya bayan ɗaya. Ya danna ta farko. Malam ya gyara murya.

Da ya waiwaya, Inna na tsaye da gwadon a hannu.

Ya tashi ya kama gefen gwadon a hankali. "Inna, shi ma ta haƙarƙarin nan yake fitar da zafi. Mu sa masa a ƙarƙashi."

Suka ninke gwadon tare, suka shimfiɗa a kan ɗan teburin Malam, ya ɗora akwatin. Ta taɓa bayansa da tafin hannu, ta janye da sauri.

"Jikinsa rau kamar mai zazzaɓi."

"Haka yake, Inna. An yi shi ne don..."

Ta riga ta fita. Ta dawo da maficinta, ta zauna gefen tebur ta fara fifita, kamar yadda take yi wa Malam in ya dawo daga tafsiri da azumi. Abdulƙadir ya so ya ce mata ba ya bukata. Ya bar ta. Ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, kafin Malam ya kai ƙarshen shafi barci ya ɗauke shi.